Za Ki Ga Sunana

A ɗakin jira na asibitin masu shaye-shaye, wata mai ɗinki tana sauraron rediyon dattijon da ke gefenta.

"Ka ji ko, Baba? Wai za a wallafa sunan duk wanda aka ɗaure kan sayar da ƙwaya. Wallahi su yi! In san wanda ya lalata mini ɗa."

"Har wanda ya gama zaman kurkuku, 'yata?"

"Har shi. Nawa ɗan ya warke ne?"

Dattijon ya kashe rediyon. "To, za ki ga sunana. Shekara tara da na daina."

Ta janye jakarta. "Me ya kawo ka nan?"

"Autana. A aljihuna ya fara samu."

Ta nemi fushinta ta rasa. Can ta ce, "Allah ya ba su lafiya."