Saura Mutum Ɗaya!

Ina gaishe ku cikin sunan Yesu. Amma gaskiya ba da son raina na fito gaban nan ba. Mama ce ta tasa ƙeyata tun daga gida, Fasto kuma ya kira sunana har sau uku kamar na saci akuyar ikkilisiya. Ni Danladi yaron mota, da na tsaya a aji huɗu don malam ya gaji da ni, ni ma na gaji da shi, me zan faɗa a gaban dattawa?

To, ga ƙanena Iliya can kusa da Mama, yana juya murfin kwalba. Har ya shekara huɗu bai taɓa cewa uffan ba. Ka kira shi, ko waiwaye. A buga ƙararrawar majami'a, ya toshe kunne ya yi ta ihu. Ba zan ɓoye muku ba, kunyarsa nake ji. In an tambaye ni a tashar Keffi sai in ce ɗan maƙwabta ne. Na sha mangare shi ma. Allah ya gafarta mini.

Wata safiya Mama tana dama kunu, sai yaron nan ya buɗe baki: "Garaku! Garaku! Saura mutum ɗaya!" Muryata sak in ina kiran fasinjan Garaku, har da ɗan tarin da nake yi a ƙarshe. Mama ta saki ludayi.

Baba Ayuba, yayan marigayi babanmu, ya ce magana ta fito. Ɗan ruwa ne, ga shi ya fara satar muryar mutane. Ranar Asabar za a kai shi bakin rafi a ajiye, masu shi su zo su ɗauki abinsu. Mama ta yi kuka, wa zai ji ta?

Asabar da sassafe, kafin Baba Ayuba ya iso, na saɓa Iliya a kafaɗa, sai tasha. Na zagaya bayan motarmu kiya-kiya na durƙusa. Na ce, "Yesu, ban iya addu'a irin ta dattawa ba. Amma wannan fasinjanka ne. Kada ka bari a sauke shi a hanya." Hawaye shaaa! Oga direba ya zaci fetur ne ya shiga idona.

Na zaunar da Iliya a gaba, kusa da wata nas mai suna Sista Rifkatu. Ina kiran fasinja, shi ma yana kira, mota ta ɗau dariya. Ita ba ta yi ba. Ta ce, "Kai, ƙanenka ne?" Karo na farko na ce e.

"Yana kallon mutum ido da ido? Yana nuna abu da yatsa?"

Na ce ko kusa.

Ta ce, "Ba aljani ba ne. Na ga irinsa a wurin karatu. Likitoci suna ce masa otizim."

Na ce, "Sista, sabuwar mota ce? Tun da kuɗin mai ya shigo kullum da wadda ake kawowa."

Ta ɗana mini ranƙwashi. Ta ce haka aka haife shi, kansa ta wata hanya yake aiki, kuma da wuri ake fara taimakonsa. Ta rubuta takarda, Mama ta kai shi asibiti a Jos, likita ya duba ya ce haka ne. Da takardar nan Fasto da dattawa suka zaunar da Baba Ayuba, aka bar zancen rafi.

Ba allura, ba ƙwaya. Likita ya ce abin da yaron ya riƙe, da shi za mu jawo shi. Me ya riƙe? Kiran tasha! Sai ga ɗan aji huɗu ya zama malam. "Tuwo! Tuwo! Saura mutum ɗaya!" Ya zo ya zauna. "Takalmi! Takalmi!" Ya ɗauko. Wata rana mu ci nasara, wata rana ya watsa mini miya a riga. Damina ta zo ta wuce muna fama.

Ranar nan ya taso da kansa, ba wanda ya kira, ya ja zanen Mama ya ce, "Mama, ruwa."

Haleluya! Ku ce Amin mana, ko yunwa kuke ji?

Har yanzu ba ya shiri da ƙararrawa, kuma Iliya yana nan Iliyansa. Amma yanzu duk tasha an san ƙanena ne, wanda ya taɓa shi ya taɓa ni. Na gode wa Yesu da ya cece shi daga rafi, ya cece ni daga jin kunyar jinina. 'Yan'uwa, mai irin yaron nan a gida, kada ya kulle shi a ɗaki. Ku dogara ga Ubangiji, ku kai shi asibiti tun yana ƙarami. Mama ta san hanya, kujerar gaba kuma taku ce.

Baba Ayuba dai bai saduda ba. Shekaranjiya ya ce mini, "Ka ji abin da ya fara roƙa ko? Ruwa! Ban faɗa muku ba?"

Na ce, "Baba, in ɗan ruwa ne, gobe ka zo ka yi masa wanka. Mu uku muke riƙe shi kafin ruwa ya taɓa jikinsa."