Saƙon da Jaki Ya Kai Gagarawa

Kuɗin guzurina akuyar innata ce. Ta sayar da ita a kasuwar Gumel, ta damƙa mini abin da ta samu, ta ce in zan dawo hannu rabbana kada in biyo ta ƙofar gida, in tsallako ta danga. Lokacin an yi mana baiko da kakarku Kande, saura kayan aure. Jirgin ƙasa bai daɗe da isowa Kano ba, duk saurayin Gagarawa da ya gama girbi can hankalinsa yake.

Na sauka a Fagge wurin wani fatoma, wato mai masaukin baƙi, wanda kuɗin tabarma daban yake karɓa, na inuwa daban.

"Baba, ita ma inuwar taka ce?"

"Ubanka ne ya dasa bishiyar? Biya."

Na samu aiki a rumbun fatu na wani Kwara, Balaraben Sham, kusa da tasha. Mu shanya, mu kakkaɓe, mu ɗora a sikeli. Shugaban leburori, heluma ake ce masa, kullum yana ihu, "Kamon! Kamon!" Na daɗe ina zaton Kamon wani malalaci ne da ba ya zuwa aiki, har ina jin haushinsa. Warin fata kuwa ba ya jin wanka. Ko a masallaci, na kusa da kai sai ya ɗan matsa.

To, ku yanzu kuna da mota da gidan waya. Mu saƙo a baki yake tafiya, sai wanda fatake suka ɗauka. A garinmu kuwa mutum ɗaya ne ke zirga-zirgar Kano, yana saro kanwa a Maigatari yana kawowa a jaki: mahaifin Kande. Kun ga inda matsalar take. Suruki a wancan zamani ba ka haɗa ido da shi, ba ka cin abinci a gabansa, balle ka buɗe baki ka ce ya gaya wa 'yarsa kana kewarta. Duk ranar da aka ce masu kanwa sun sauka, sai in ɓace. Ina ganin ladabi nake yi. Shi kuma ya koma gida ya ce bai gan ni ba, kuma gaskiya ya faɗa. Damina ta zo ban koma ba, don kaya ba su haɗu ba. Wani ranin ya sake shigowa, Kande ba ta ji ko tarina ba.

Wata rana da tsakar rana, daga ni sai warki, ƙuda na bina, sai ga tsohon ya shigo filin rumbun da jakinsa. Na faɗa bayan tarin fatu. Heluma ya nuna ni da bulala.

"Ga shi can, Baba! Ɗan Gagarawa, kamon!"

Tsohon ya yi kamar bai ji ba. Ya juya mini baya, ya kama gyara mangalar jakinsa Aura, ya soma magana da shi.

"Kai Aura, ni dai ban ga kowa ba. Amma in kai ka ga wani yaron garinmu, ka gaya masa wani marini daga Sule Tankarkar ya turo manyansa. Yarinyar ta ce ba ta amsa kowa sai ta ji daga bakin na farko. Ba goro take so ba, ba zane ba. Magana. Ni ba zan tilasta mata ba, ba kuma zan ci gaba da wulaƙanta manyan mutane ba. Da furfurata na zama ɗan aike. Gobe za mu juya."

Ina hangen ƙeyarsa, gumi na gangarowa. Kunyar da yake ji ba ta gaza tawa ba, amma shi ya yi magana.

Leburori suka ajiye aiki. Wani ya ce, "Yi magana mana, ango, jakin na jira!" Aka kwashe da dariya. Rani biyu ina tara maganganu a cikina, ina bitarsu ina shanya fata. Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "A gai da mutanen gida."

Tsohon ya dakata. Ya ce, "Aura, ka ƙara jin wani abu?" Na ƙara lafewa bayan fatu. Ya ja igiya ya fita.

Da ruwan farko na kamo hanya, kayana ba su cika kwando ba, na tabbata marini ya riga ni. Na tarar da Kande a bakin rijiya. Ta ajiye guga tana rufe baki da gefen zane.

"Ashe haka ka iya magana, kake ɓoyewa?"

"Wace magana?"

"Ka sani mana. Baba yana sauke kaya a tsakar gida yana maimaita wa jaki, ni ina bayan rumbu. Ka ce tuwon Kano ba ya wuce maka a wuya. Ka ce in jirgi ya yi kuka, gabas kake juyawa, don ka san ina can. Ka ce ko fatar jikinka za ka ɗora a sikeli, in dai zan jira."

Na kalli rijiya. Na ce, "Haka ne."

Bayan biki na je gaisuwa wurin tsohon, na tsuguna daga nesa. Bai dube ni ba. Ya ce, "Gero na son noma na biyu." Har ya bar duniya maganar ba ta taɓa haɗa mu ba.

Har yau in na ɓata wa kakarku rai, kun sha ji, takan ce, "Allah ya dawo mini da mutumin nan na Kano mai daɗin baki." Ku kuna dariya. Ni sunkuyar da kai nake yi, don na san mutumin. Da hannuna na sa shi a kabari.