Nasiru, Kada Ka Taso Cikin Ƙanƙarar Nan

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, ina gaishe ka tare da duk masu sauraro. Ni ce Maman Nasiru daga Bronx, kusa da Fordham Road.

Ɗana Nasiru yana aiki a Columbus, can jihar Ohio. Ƙanwarsa ta haihu, ranar Asabar za a yi suna, kuma sunansa za a sa wa yaron. Shi ne ya dage sai ya tuƙo mota ya zo, tafiyar yini guda.

Malam, da girmana na koyi karatu, amma hasashen yanayin da wayata ta nuna na karanta shi sarai. Daga Laraba dusar ƙanƙara za ta fara zuba a garinsu, Alhamis ga iska, Juma'a kuma hanya za ta daskare. Na kira shi na karanta masa, sai ya yi dariya, ya amsa min da Turanci wai in daina damuwa. Na kai ƙara wurin babansa, ya ce, "Hajiya, ki ƙyale shi, ai namiji ne." To, zama namiji ne zai hana taya sulɓewa?

Na san kullum yana jin shirin nan a mota. Don Allah direbobin da ke saurare su sa baki, tunda ni an raina maganata.

Nasiru, ka zauna inda kake. Ko ba ka nan za a raɗa suna, naman kuma zan ajiye maka a firiza. Takwaranka ba ranar Asabar kaɗai yake buƙatarka ba. So nake ya girma ya san ka.