Tabarau Mai Baƙin Zare

Auta: Assalamu alaikum. Inna, ina wuni?

Inna: Wa alaikumus salam. Wa ke magana?

Auta: Ni ce, Autarki. Ba ki ga sunana a wayar ba?

Inna: Na dai ga wani abu ya fito. Lafiya lau. Ya gidan? Ya mijin naki?

Auta: Lafiya yake, yana gaishe ku. Ya Baba da ƙafa?

Inna: Da sauƙi. Ga shi can ƙofar gida yana gardama da rediyo. Ya gajiyar baƙi? Har yanzu falon naki kasuwar tabarau ne?

Auta: An kwashe. Jiya 'yan ƙungiyarsu ta rabon tabarau suka zo gaba ɗayansu, aka zuba a kwalaye aka liƙe. Gobe mota za ta kai filin jirgi.

Inna: Ni abin nan bai daina ba ni mamaki ba. Mijin nan naki likitan ido, ya samu hutu, maimakon ya miƙe ƙafa, sai ya tara tsofaffin tabarau na jama'a ya tsallaka wata ƙasa yana rabawa kyauta.

Auta: Ƙauyukan da za su, babu mai duba ido ko ɗaya, Inna. Ni dai nawa wanki da gogewa, da ɗinka wa kowanne 'yar jaka. Ƙyallayen da kika ba ni duk sun ƙare. Da hannun nan bai kumbura ba ma...

Inna: Me ya sami hannun?

Auta: Allurar ce.

Inna: Wace allura? Ta keken ɗinki?

Auta: A'a, ta rigakafi. Wadda ake yi wa masu... masu tafiya.

Inna: Halo? Layin nan na yankewa. Na ji kamar kin ce masu tafiya.

Auta: Haka na ce.

Inna: To ke ina za ki?

Auta: Dalilin kiran ke nan, na rasa ta inda zan fara. Ɗaya daga matan ƙungiyar ta fasa, cikinta ya tsufa. Sai Babbar Nas, ita ce shugabarsu, ta ce tunda hannuna ya saba da aikin, in maye gurbinta. Maigidan ya amince. Ni kuma na ce sai abin da kika ce.

Inna: Ke? Ke da in an yi sallama kike shigewa bayan labule? Ranar da dangin mijin nan naki suka fara zuwa, a ɗakin girki aka tsinto ki kina wanke tukunyar da aka riga aka wanke. Da wane bakin za ki yi musu magana, ga yare ba ɗaya ba?

Auta: Ai aikin ba na baki ba ne. Tsofaffin matan ba su iya karatu ba, to ba a nuna musu allon haruffa. Sai ki sa wa mace tabarau, ki miƙa mata allura da zare. In ta zura, ya yi mata. In ta kasa, ki canza wani. Babbar Nas ta ce wata na zurawa sai ta kama guɗa, wata kuma ta zauna tana kallon tafin hannunta kamar baƙo. Inna, ina son in ga wannan.

Inna: Uhm.

Auta: An ɗinka mana riguna iri ɗaya, tawa har gwiwa. An ce kowa ya riƙe fitila da gidan sauro. Har gaisuwarsu na koya, ina yi wa madubi... Inna? Kina ji na?

Inna: Ina jin ki. Auta, da kin haƙura da tafiyar nan.

Auta: To, Inna.

Inna: Kada ki ce min "to" da wannan muryar. Ba don ba na so ba ne. Akwai abin da ban faɗa wa kowa ba, ko Babanku. Idona ne. Tafiya yake yi.

Auta: Subhanallahi. Tun yaushe?

Inna: Tun ranar da na zo gidanki na dawo. Komai ya zama kamar ana kallonsa ta cikin ruwa. Dakalin ƙofa sai in gan shi kusa, in taka in ji babu. Shekaranjiya na tsaya na gaida randar ruwa, har da tambayar yara, na ɗauka maƙwabciya ce ta tsuguna. Haka na uwata ya fara. Shi ne na ce in duhun zai zo, gara ya same ni kina kusa.

Auta: Me ya sa ba ki faɗa masa ba? Aikinsa ne fa.

Inna: In tare suruki da ciwo yana shirin hanya? Ina da kunya.

Auta: Inna, ranar da kika zo, kin cire tabarau kin yi alwala, ko?

Inna: Na cire mana.

Auta: A ina kika ajiye?

Inna: A kan teburin falo.

Auta: Wanda aka baza na rabo a kai.

Inna: Ina ne ba a baza ba a gidan nan? Ko kan firij akwai.

Auta: Don Allah shafa hannunsa na hagu. Akwai baƙin zaren da kika naɗe?

Inna: Babu. Na ce ko warwarewa ya yi.

Auta: Cire shi ki shafa ta ciki. Akwai 'yar takarda a manne?

Inna: Tsaya... Akwai wani abu. Shi ne ke ta sosa min bayan kunne.

Auta: Lambar da ƙungiya ke mannawa ce. Inna, ba naki ba ne. Na rabo kika ɗauka.

Inna: Me kika ce?

Auta: Da kina fita na ga kamar ya yi miki faɗi a fuska, yana sauka kan hanci. Na buɗe baki zan yi magana, sai na ga abokan aikinsa cike da falo, na ji nauyi. Na ce ko sabo kika yi.

Inna: To ga shi na cire. Ikon Allah. Ga randa can, randa ce sak. Ga akuyar maƙwabta tana cin shanyata ma.

Auta: Inna, dariya kike ko kuka?

Inna: Ina ruwanki. Kwana nawa ina kallon fuskar Babanku ina haddace ta, har ya ce ko ya ci min bashi ne. Ashe idon wani ƙato nake yawo da shi. To nawa fa?

Auta: Naki... Washegari na tsinci wani mai baƙin zare. Har na ce a raina, ji wani kamar na Inna. Na yanke zaren, na ɗaure kusar, na wanke shi tas, na sa a jaka.

Inna: Kika sa a kwali.

Auta: Na sa a kwali.

Inna: Aka liƙe.

Auta: Aka liƙe. Amma na san jakar, daga tsohon zanenki mai ganye na yanka. Yanzu zan roƙe shi a farke kwalayen, ko kwana za a yi ana nema.

Inna: Kul. Mutane sun sha wahala sun ɗaure kaya, ki sa a kwance saboda tsohuwar da ba ta san nata ba? Bar shi. Mijinki ya auna ni ya yi min sabo kafin ku tashi, ai amfanin suruki ke nan. Yau kunya ta ƙare.

Auta: Kafin mu tashi?

Inna: Ba ki ji ba ne, ko layin ne? 'Yan kwanakin nan na ɗanɗana abin da matan can suke ciki shekara da shekaru. Ko lambar waya ban iya dannawa ba. Ki je, Allah ya yi miki albarka, ya kai ku lafiya ya dawo da ku. Babanku ki bar ni da shi.

Auta: Amin, Inna. Na gode, na gode.

Inna: Ajiye godiyar. Anjima ki zo ki karɓi na ƙaton nan, wani tsoho na can yana jiransa. Ki riƙe ruwan zafi a hanya, kada ki sha abin da ba ki sani ba. Kuma in an yi miki magana ki ɗaga kai, ba labule a jirgi.

Auta: To. Inna, katina ya kusa ƙarewa, wayar ta yi ƙarar gargaɗi.

Inna: Saura ɗaya. Nawa, ke za ki sa wa mai rabon da hannunki, ki kalli fuskarta da kyau ki zo ki ba ni labari. Shi ya riga ni hawa jirgi, ba komai. Ki gaya mata kusar nan ƙarya take yi, kwana biyu za ta saki. In za ta yi sujada yana zamewa, sai ta samu zare mai ƙwari ta naɗe ta hagu, ba ta...

Auta: Da wane yaren zan faɗi duk wannan? Inna? Halo, Inna? To. Zan sa baƙin zare a jakata.