Garin da Aka Kai Gwaji

A tashar motar Vom, wani dattijo a kujerar gaba da wata Hajiya a bayansa sai cacar baki suke yi.

"Hajiya, na ce miki ba hodar iblis nake sayarwa ba! Jami'ai sun ƙwace buhun maganina, suka kai ɗakin gwaji. Ni wawa, ina ta rantsuwa daga Indiya ake kawo min shi. Ashe garin rogo ne da kanwa."

"To ai an wanke ka, Baba."

"Tas, har da sana'ar. Wa zai ƙara sayen Mai Zaki?"

"Mai hoton zaki a leda? Shi mijina ke sha don ciwon baya!"

"Allah sarki. Ya ji sauƙi kuwa?"

Hajiya ta fice, ta buga ƙofar har gilashi ya girgiza.