Tayin Jirgin Iya Bose

Kuɗin motar da ya kai ni Ikko na gyaɗar Inna ne. Buhunta na ƙarshe ta sa aka kai kasuwar Batsari, ta ƙulle mani kuɗin a bakin tsumma, ta ce, "Rabe, in ka ga ba hali ka dawo, gona ba inda za ta." A-kori-kura na hau daga Runka, bisa buhunan gero, ina ƙaiƙayi har Katsina. Ku da kuke shirin tafiya bana, ku matso. Kai Nura, aje wayar nan, ba guduwa za ta yi ba.

Wurin Sada na sauka, wani mutumin Karare da ya daɗe can har bakinshi ya iya Yarbanci. Ɗakin da suke haya, in mutum ɗaya ya juya cikin barci sai kowa ya juya. Mai gidan kuwa, wai shi lanlodi, ba abin da ya tsana kamar alwalarmu. Da asuba sai ka ji shi bisa bene:

"Aboki! Wota, wota, eburuwiya!" Wai mun jiƙa ko'ina da ruwa.

"Baba, salla za mu yi."

"Yu go fe!"

Komai yu go fe, wato sai ka biya. Ruwa yu go fe, shanya yu go fe. Na ce wa Sada wata rana mutumin nan zai sa mu biya kuɗin atishawa.

Aikin yashi Sada ya sama mani a bakin ruwa. Masu nutso su shiga da bokiti su ɗebo yashi daga ƙasan ruwa, su cika jirgin katako, a tuƙo shi gaɓa, mu kuma mu kwashe da kai. Maigidanmu sunanshi Sande, mu dai Oga Lahadi muke ce mashi in ya ba da baya. Ba ya da magana sai "kwik, kwik", wato maza-maza. Ni da ban taɓa shiga ruwan da ya wuce ƙuguna ba, sai da na sha ruwan gishiri na ƙoshi kafin na iya iyo da tuƙi da gora. Amma tun watan farko na gane abu ɗaya: mai jirgi shi ke cin kuɗin yashi, mai ɗauka da kai ciwon wuya yake tarawa. Daga nan na ɗaure cikina. Garin kwaki da ƙuli, rana da dare, ina tari.

To akwai wata mata a bakin ruwan, Iya Bose, mai ƙyafa kifi. Mijinta ya rasu ya bar mata jirgi, aka jawo shi tudu aka kife. Rani biyu yana nan rana na dukanshi. Awaki na kwana a ƙarƙashi, kaji na ƙwai a ciki. Katakan sun ja baya da juna, in ka leƙa sai ka hango haske ta tsakani. Oga Lahadi duk ya wuce sai ya shure shi da takalmi ya ce mata, "Fayawud!" wato itacen wuta. Ya sha cewa ta ba shi a kuɗin itace, tana ƙi saboda tunawa da mijinta. Sai ga kuɗin makarantar ɗiyarta ya taso, mai ɗaki kuma ya tasa ta gaba. Ta ce ko nawa ne ta sayar.

Na je na zagaya jirgin nan yadda ake zagaya sa a kara. Na ƙwanƙwasa, na saurara. Na zaro 'yar wuƙata ina caka. Katako biyu na ƙasa wuƙar ta shige su kamar kabewa, sun ruɓe. Ƙusoshi da yawa tsatsa ta cinye. Amma sauran jikin, wallahi, wuƙa ƙin shiga ta yi. Sai na tuna kwamin itace da muke shayar da shanun Baba a bakin rijiya. In an bar shi ba ruwa ya sha rana, tsagewa yake yi, ka zuba guga ya tsiyaye. Ka dage da jiƙa shi kwana biyu, itacen ya kumbura, tsagar ta haɗe kamar ba a yi ba. Na ce a raina jirgin nan ba mutuwa ya yi ba, ƙishirwa yake ji.

Na faɗa wa Sada. Ya kama hannuna ya ja ni bayan tarin yashi.

"Rufe bakinka! Wa ka gaya mawa?"

"Kai kaɗai."

"To je ka taya yanzun nan. Ɗora ɗan wani abu bisa kuɗin itace, da godiya za ta karɓa."

"Yana kife zan taya?"

"Yo da mi? Nan Ikko ne, Rabe, ba Safana ba."

Ba zan ɓoye maku ba, maganar ta yi mani daɗi a kunne. Da na bi ta, da ko rabin abin da na tara ba zan taɓa ba. Amma ku kun sani, a kararmu ba a taya dabba tana kwance. Sai an tashe ta ta taka, mai ita na gani, mai saye na gani, kowa ya san abin da ake ciniki a kai. Haka na taso na ga ana yi, ban kuwa ga dalilin da zai sa in canza don na tsallaka Kwara ba. Balle dukiyar marainiya.

Na ce wa Sada ya gaya mata ina so, amma sai an sa shi a ruwa tukuna. Ta dube ni kamar na zautu. Ta ce nutsewa zai yi. Na ce abin da nake so ke nan.

Muka taru muka tura shi. Kafin ka ce kwabo ya cika ya zauna a ƙasa, bakinshi kawai ake gani. Na ɗaure shi jikin turke. Ranar na sha dariya! Masu nutso na tafi suna "Aboki don kil am!", wai na kashe jirgin. Oga Lahadi har da riƙe ciki. Ni dai na koma na ɗauki kwanon yashina, ina addu'a a raina, don ban taɓa gwada dabarar a abin da ya fi kwami girma ba.

Bayan 'yan kwanaki, da ruwa ya janye, muka shiga da bokitai muna kwarfa. Muna kwarfa yana tasowa, muna kwarfa yana tasowa, har ya miƙe bisa ruwa yana rangaji. Ruwa bai shiga ta ko'ina sai ta wajen ruɓaɓɓun katakan nan biyu. Iya Bose ta aje kifinta ta shigo ruwa da zanenta, ta dafa bakin jirgin tana kuka tana kiran sunan mijinta. Ni ma sai da na juya baya.

Na kira kafintan jirage, a gabanta ya lissafa abin da gyara zai ci: katako, ƙusa, kwalta da tsumman toshiya, da ladan hannunshi. Na riga na bi bakin ruwa na ji yadda ake sayar da lafiyayyen jirgi mai shekarun wannan. Na cire kuɗin gyara daga ciki, na rage ɗan kaɗan saboda abin da ido bai gani ba, na gaya mata dalilin ragin. Abin da ya saura shi na taya. Ya cinye duk tarina, in ban da na kafinta.

Ban rufe baki ba sai ga Oga Lahadi, yana tafe yana haki.

"Kai, daga yau babu aiki! No wok!" Ya juya wurinta, murya ta koma zuma. "Mama, hau moc? Nawa ya taya? Na ƙara a kan nashi."

Ya ƙara kuwa, ƙari mai kauri, wanda ko sayar da ni za a yi ba zan kai ba. Sada ya raɗa mani, "Ka gani ko? Ga aiki ya tafi, ga jirgi ya tafi." Na ce shi ke nan, na jiƙa wa wani.

Iya Bose ta matse bakin zanenta. Sannan ta yi magana da Yarbanci, a hankali, Sada na juya mani.

"Ta ce mashi rani biyu yana wucewa yana shurin jirgin mijinta yana kiran shi itace. Ta ce ya fi kowa sanin jirgi a bakin ruwan nan, ya san ba itace ba ne." Sada ya juyo ya dube ni. "Ta ce ya riƙe ƙarinshi. Kai ta sallama mawa."

Oga Lahadi ya yi tsalle ya dire, ya zage ta, ya zage ni, ya haɗa da Arewa baki ɗaya. Ko kallo bai ishe ta ba. Hannu ta miƙo mani, na zuba mata.

Wata guda muna gyara ni da kafinta, ba aiki, ba ko sisi. Kifin da na ci a watan nan duk nata ne, kuma ba ta taɓa karɓar kuɗina ba. Da jirgi ya hau ruwa, masu nutson da suka yi mani dariya su suka fara zuwa neman aiki. Na ɗauke su, ban kuma taɓa ce wa kowa kwik kwik ba.

Shekaru na yi ina jigilar yashi, har lokacin da zaman Runka ya gagara, mutanen daji suka hana noma. Dole na sayar da jirgin na dawo, na kwaso iyali muka zauna nan Safana. Da kuɗin na sayi injin niƙan da ƙannenku ke kawo wa dawa kullum safe. Mutane na mani tsiya, wai Rabe Mai Jirgi a garin da gulbi ke ƙafewa da rani. Su yi ta yi, sunan ya yi mani. Tuwon da kuka ci jiya daga injin nan garinshi ya fito, kuma ko ɗigon hawayen matar nan babu a ciki.