Rigar Millicent da Wasan Ranar Asabar

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma shugaban taro, 'yan kwamitin gasar ƙwallon hannu ta 'yan mata, wakilan Honarabul da ya ɗauki nauyin gasar, malamanmu, iyayenmu maza da mata, yayyenmu da kuka tsaya a bakin taga saboda babu wurin zama, ina gaishe ku baki ɗaya.

Sunana Fatiha Sa'idu, daga ƙungiyar Arawa. Ban saba magana a gaban manya ba, ku yi haƙuri. 'Yan'uwana ne suka ce ni zan tashi, wai tunda ba na surutu, ba wanda zai ce rashin kunya ce ta kawo ni.

Muna godiya ga kwamiti da ya ba mu dama. Muna godiya ga Honarabul, domin kafin gasarsa a ƙasa muke zana raga da sanda. Wannan godiya ta gaskiya ce, ba wanda ya rubuta mini ita.

Magana ta farko, abin da ya faru. Mun ji ana ba da labarinmu iri-iri, kuma duk masu bayarwa ba sa wurin.

Kafin wasan kusa da na ƙarshe aka raba wa kowace ƙungiya riguna, kowace riga da hoton Honarabul a ƙirji. Mun yi murna, sababbi ne. Mai tsaron ragarmu, Millicent Matiyu, ta kai tata gida. Babanta yana ɗaya jam'iyyar. Ya duba rigar ya ce, "'Yata ba allon talla ba ce. Ko ki ajiye rigar, ko ki ajiye ƙwallon." Kwamiti kuma ya ce wadda ba ta sa rigar gasa ba, ba za ta shiga fili ba.

Ranar wasan kusa da na ƙarshe Millicent ta zo ta zauna tana kuka, rigar tana cikin leda. Sai Delu, ɗaya daga cikinmu, ta ce, "Ke dalla share hawayenki. An ce a sa riga, an ce ta wane gefe? Mu juya su." Muka juya, ciki ya koma waje, dukkanmu, don kada a ce ita kaɗai ce. Muka shiga, muka ci. Millicent ta tare bugun da har alƙalin wasa sai da ya riƙe baki.

Iyakar abin ke nan. Babu taron sirri, babu wanda ya kira mu gefe. Kocinmu, Malam Misbahu, ya tafi sayo mana fiya wata lokacin da muka juya rigunan. Da ya dawo ya gan mu, cewa ya yi, "Yau kuma wace irin shiga ce wannan?" Amma shi aka dakatar, shi ake cewa ɗan adawa ne da ya yi amfani da yara.

Magana ta biyu, abin da aka mayar da mu. Washegari muka ji kanmu a rediyo. Wani ya bugo waya ya ce an saye mu. Wani ya bugo ya ce mu jarumai ne, mun nuna wa azzalumai iyakarsu. Jama'a, mu ba a saye mu ba, kuma mu ba jarumai ba ne. Gola muke so ta shiga fili. A cikinmu babu wadda ta kai shekarun yin katin zaɓe. Delu da ta kawo shawarar, ku tambaye ta sunan jam'iyyar Honarabul, wallahi sai ta yi tunani.

Su ma na ɗaya ɓangaren ba su bar mu ba. Sun aiko mana da wasu rigunan, da hoton nasu mutumin, wanda ya ma fi girma. Baban Fiddausi, 'yar ƙungiyarmu, ya ce in ta taɓa su kada ta dawo masa gida. To mu yi yaya? Mu tsaga ƙungiyar biyu, rabi su jefa wa wannan raga, rabi su jefa wa waccan? Yayana Usaini yana cewa haka ake yi har a manyan ƙungiyoyi, in kujera ta sauya sai koci ya sauya. Ni ban san na manya ba. Na san dai a cikin makon nan mutanen da ba su taɓa zuwa kallon atisayenmu ba sun fi mu sanin abin da ke zuciyarmu.

An ce mun ci mutuncin Honarabul da muka ɓoye fuskarsa. Ina roƙon wakilansa su yi tunani a kan aikin gola. Da ƙirji take tare ƙwallo. Da Millicent ta sa rigar daidai, duk bugun da aka yi ranar a fuskarsa zai sauka, kuma an yi bugu da yawa. Wanne ne cin mutuncin?

Na ga wasu suna dariya. Mu ma mun yi, kafin a ce an cire mu daga wasan ƙarshe.

Magana ta uku, ita ce ta kawo ni. Jiya kwamiti ya aiko cewa za a mayar da mu ranar Asabar in za mu sa rigunan yadda aka ba mu. Kun san ma'anar wannan: mu shiga ba tare da Millicent ba. Bana ce shekararta ta ƙarshe a gasar yara, kuma ranar Asabar ne masu zaɓen 'yan wasan jiha za su zo kallo. Tun muna firamare take faɗuwa a kan tsakuwa saboda mu, gwiwoyinta duk tabo. Yanzu a ce mu bar ta a bayan shingen waya tana leƙe? Mun zauna mun yi shawara, Musulminmu da Kiristanmu. Ba za mu iya ba.

Abin da muke roƙo kaɗan ne. Ku bar mu mu sa tsofaffin rigunanmu farare, waɗanda ba su da hoton kowa sai lamba. Ku dawo mana da Malam Misbahu. A rataya hoton Honarabul a ƙofar fili, a kan rumfa, a jikin kofin ma in ana so. A bar mana ƙirjinmu kawai.

Kuma ba mu kaɗai ba ne. Nana Hadiza, kyaftin ɗin ƙungiyar Dawaki, waɗanda za a miƙa wa kofi in ba mu buga ba, ta same ni a hanyar famfo ta ce, "Fatiha, ki gaya musu ba ma son kofin sadaka. So muke mu lallasa ku a gaban mutane." Na ce mata Allah ya kai mu, za ta ga wanda za a lallasa. Ga ta can a baya, ku tambaye ta.

Ranar Asabar bayan la'asar za mu zo bakin fili da fararen rigunanmu, mu da 'yan Dawaki, Millicent tana gaba. Makullin yana hannunku, iyayenmu. In kun buɗe, za mu buga. In ba ku buɗe ba, za mu tsaya a ƙofar har magariba, don masu zaɓen su ga fuskarta ko da ba su ga wasanta ba.

Allah ya ba shugabanninmu ikon yin adalci. Allah ya sa a yi zaɓe lafiya, wanda ya ci da wanda ya faɗi su gaisa kamar yadda muke gaisawa bayan wasa. Allah ya zaunar da Gombe lafiya, ya mayar da kowa gidansa lafiya.

Na gode.